Ranar da Doña Eulalia Ta Tsaya a Kan Dogo

Kafin mai burodi ya buɗe shagonsa a Rufina, Doña Eulalia Benavídez ta riga ta fito daga ɗan ɗakinta na bakin shingen da ake tare motoci in jirgin ƙasa zai wuce, ta ɗora buta a wuta, ta tsaya a gefen layin dogo. Takan dubi gabas, ta dubi yamma, ta sake duban gabas, ta yi alamar gicciye a goshi da ƙirji. Sannan ta ɗauki tsintsiyarta ta share tsakuwar da motoci suka watsa a kan ƙarfen. Tsintsiyar nan mariƙinta ya fi na kowa tsawo a garin. Ita ta sa aka ƙara masa gora, don hannu ya kai inda ƙafa ba za ta je ba.

Jirgi ya daina bin layin nan tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Doña Eulalia ta sani, don ita ce ta sauke wa jirgin ƙarshe shinge, ta ɗaga masa tuta, ta bi jar fitilar bayansa da kallo har ta ɓace. Amma har gobe, in ya zama dole ta tsallaka zuwa ɗaya gefen, ta kan titin mota take bi, da sauri kamar wadda ruwan sama ya kora. Ba wanda ya taɓa ganin ta tsaya tsakanin ƙarafan nan biyu ko da na ɗaure igiyar takalmi ne. Ba ta kuma taɓa hawa kurar kulob ba.

Kurar tamu faifan katako ce a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, da injin tsohon babur, da benci biyu. Da ita Kulob ɗin Abokan Dogo yake zirga-zirga tsakanin Rufina da tashar Sauce. Ranar Asabar aiki ne: a sassabe ciyawa, a ciro ruɓaɓɓen katako a sa sabo, a shafa fenti, a ɓata rabin yini ana gardama a kan ko koren fentin da aka shafa wa ƙofar tasha shi ne ainihin koren da. Mutanen kulob ba su da cutar da ta wuce wannan. Ko ƙusa ce sai sun nemo irin ta da, in ba a samu ba a ƙera mai kama da ita har tsatsarta. Ranar Lahadi kuwa ta yara ce da gashin nama. Da safe a ɗebi yaran unguwa a kai su Sauce su dawo, da rana a baje haƙarƙari a kan garwashi bayan rumbun kaya, ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa da bututu, yana zagayawa hannu zuwa hannu, tsofaffi suna ƙaryar jiragen da suka tuƙa.

A duk wannan hidima aikin Doña Eulalia ɗaya ne, ba kuma wanda yake ɗaukar hotonsa. Ita ce mai sanda.

Layinmu ƙwaya ɗaya ne, ba inda kura biyu za su kauce wa juna. Don haka tun zamanin reluwe akwai sandar tagulla, tsawon kamu guda, an buga mata sunan tashoshin biyu. Wanda sandar take hannunsa shi ke da hanya. Wanda ba ta hannunsa, ko shi ne shugaban kulob, ko gobara ce a gidansu, sai ya jira. A aljihun gaban rigarta sandar take kwana. Direba zai zo ya tsaya, ta ƙare masa kallo sama da ƙasa, ta sunsuni bakinsa ba kunya, ta sa ya taka birki ta gani, ta ƙirga yaran da ido, sannan ta miƙa. In ya dawo, kafin ya kashe inji hannunta yana shimfiɗe.

Mu matasan kulob, da ba ma iya zama wuri ɗaya, mun sha ƙosawa da ita. Amma babban mai tsokanarta Celestino Mazzeo ne, maƙerin Sauce, wanda kowa ke kira Ƙato.

"Doña Lala, yau ma jirgin bai iso ba?" in ji shi, in ya tarar da ita tana leƙen gabas. "Ya yi latti fa. Ko in je in tura miki shi?"

"Je ka tura cikinka gaba, ya tare mini hanya."

"Ki zo ki hau sau ɗaya mana, ni zan tuƙa ki. A hankali, kamar amarya."

"Ni na rasa wanda zai kashe ni sai kai? Taka birkin nan in gani."

"Jiya kika gani!"

"Jiya ai ba ka mutu ba. Taka."

Haka suke. Ya taka, ta miƙa masa sanda, ya sumbaci sandar don ya ba ta haushi, ta ɗaga masa tsintsiya.

Ita ba ta taɓa gaya mana dalilin tsoron nan ba. Tsoho Fermín, mai tsaron tashar Sauce, shi ya ba mu labarin wata rana da ruwan sama ya tsare mu a rumfarsa. Tana sabuwar shiga aikin shinge, wasu leburori suka hau kurar aiki da safe ba sanda, wai nan kusa za su je su dawo kafin jirgin kaya. Yayanta Hipólito yana cikinsu. Ya ɗaga mata hula da suka wuce. Jirgin kayan ya ci karo da su a hanya. Da azahar hular kaɗai aka kawo gida a hannu, sauran a cikin tamfol. Fermín ya ce tun ranar bai ƙara ganin ta juya wa dogo baya ba. Daga nan muka rage dariya, ko da yake ba mu daina ba, don ita ma ba ta so a daina.

Doña Eulalia, ke ce mai tsoron da ya ishi gari guda. Mu muna hawa muna waƙa, ke kina tsaye bakin shinge kina jin tsoro a madadinmu. Iyaye suna sakin 'ya'yansu su zo tasha da gudu ba tare da sun raka su ba, ba su ma san wa suka bar wa amana ba.

A bana gwiwoyinta suka ƙi, ido ɗaya kuma ya fara hazo. 'Yarta ta ce ya isa haka, ta komo birni wurinsu. Aka sa ranar Lahadin da za ta miƙa sanda, jikarta Milagros ta zo a kan babur tun ranar Juma'a don ta taya ta ɗaure kaya.

Kulob ya zauna a ɓoye. Me za a bai wa matar da ba ta son komai? Don Anselmo, shugabanmu, ya kawo shawarar agogo. Ƙato ya ce agogon me, sanda za a ba ta, ta tafi da ita birni ta rataya a bango. Ba ta gasken ba, wata zai ƙera. Ya ƙera kuwa. Ya yi ta zuwa karɓar sanda yana aunawa da ido da yatsa, yana danna ta a jikin kakin zuma in ya yi nisa da shinge. Bai tsaya a tsawo da kauri ba. Lotsawar da ke gindinta ya yi, harafin da ya goge ya goge shi, ya jiƙa ta a ruwan gishiri har ta yi duhun tsufa. Ranar da ya nuna wa kwamiti, manya suka yi ta juya ta a hannu suna girgiza kai don daɗi. Ba wanda ya ji gabansa ya faɗi.

Shirin shi ne, ranar Lahadin ba za a fita da yara ba. Baƙi daga kulob ɗin wani gari za su sauka a Sauce, a haɗa kurar kulob ta biyu da ke can da tirela biyu, Ƙato ya tuƙo su da tutoci da kiɗa har bakin shingen Doña, a miƙa mata kyauta. Aka ɓoye mata. Aka ɓoye wa Fermín ma, don bakinsa ba ya riƙe magana in yana waya da ita. Gastón, direban kurar yara, yana kan hanya da babbar motar da yake tuƙawa, kowa ya ɗauka wani ya aika masa da labarin.

Lahadi ta waye da raɓa mai yawa. Don Anselmo da sauran manya suna can bayan rumbun kaya suna hura gawayi, suna gwada lasifika. Yaran unguwa suka zo kamar kullum, da 'yan jakunkunansu da lemo. Gastón ya iso kai tsaye daga tafiya, ya wanke fuska a famfo, ya turo kura. Doña ta sunsune shi, ya taka birki, ta ƙirga yara, ta gyara wa wata ƙarama zama.

"Yau ce ta ƙarshe, Doña," in ji Gastón. "Ba za ki yi mini murmushi ba?"

"In ka dawo da su."

Ta miƙa masa sanda. Ta bi su da kallo har muryoyin yaran suka dushe. Sannan ta koma ɗaki ta zauna a kan akwati, Milagros ta miƙa mata mate. Ba ta gama zuƙa ba tsohuwar wayar bango, mai murɗawa, ta kaɗa.

"Rufina, Sauce ce," in ji muryar Fermín, yadda ya saba. "Kura ta shiga da sanda. Tirela biyu, cike da mutane."

"Wace kura?"

"Ta Ƙato mana."

"Fermín, ka sha wani abu ne da safen nan? Sanda tana hannun Gastón. Ni na ba shi da hannuna."

Sai ƙarar iska a waya.

"Lala, na riƙe ta," ya ce, muryarsa ta canza. "Na shafa lotsawar gindinta. Ba na buɗe hanya a kan magana, kin sani."

Milagros ta ce ba ta taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Kan wayar ya suɓuce yana lilo a jikin igiya, muryar Fermín tana ta kira a ciki. Doña ba ta tsaya tambayar yadda sanda ta zama biyu ba. Abin da ta gani a ranta shi ne tsakiyar hanya, inda layin yake gangarowa daga Sauce, ya shiga kwanar da gora ta rufe, ya fito kai tsaye kan gadar rafi. A kwarin nan wayar hannu ba ta kamawa. Ko tana kamawa, wa zai ji ta a kan ƙarar inji? Kura uku masu nauyi suna gangarowa a kan ƙarfe mai raɓa, yara suna hawowa.

Ta fizgi jar tuta daga bango.

"Tayar da abin nan naki."

"Kaka, babur? Ke da kika ce ko gawarki kada a ɗora..."

"Tayar!"

Akwai hanyar shanu da ta yanke ta cikin gonaki ta ɓullo daf da gadar. Ita suka bi. Milagros ta ce har yau akwai shatin yatsun kakarta a cikinta. Tsohuwar ta runtse ido, ta kifa fuska a bayan jikarta, tana kiran Uwa Maryamu, tana kiran Hipólito, in babur ya rage gudu saboda rami sai ta ce, "Wa ya ce ki tsaya?" Laka ta wanke musu ƙafafu. Kare ya bi su ya gaji. Ta wani wuri suka hango kurar yara a hagu, tana tafe a hankali tsakanin gonakin masara, yaran suna ɗaga musu hannu. Babu hanyar isa gare su, akwai waya mai ƙaya da kwatami a tsakani. Suka wuce.

Da suka iso bakin gada, Milagros ta kashe inji. Sai suka ji duka biyun. A baya, ƙarar kurar Gastón. A gaba, can cikin gora, ganga da waƙa.

"Ba ni tutar, Kaka, ni zan tsallaka."

"Ba su san ki ba. Yau duk wanda ya ɗaga musu tuta gaisuwa ce, hannu za su ɗaga miki su bi ta kanki. Koma baya ki tare Gastón. Ki sauke yaran, ki kai su nesa da ƙarfe. Gudu!"

Wanda bai san gadar nan ba ba zai gane abin da Doña ta yi ba. Gadar ba ta da dandamali, ba ta da abin dafawa. Katakai ne a jere, tsakanin kowane biyu rami, ruwa yana gudu can ƙasa, launin ƙasa-ƙasa saboda ruwan saman makon. Mu masu ƙafa lafiya ma ba ma son tsallaka ta in akwai raɓa. In kura ta same ka a kai, ba dama ba hagu, sai ƙasa. Tsayawa a wannan gefen kuwa ba shi da amfani, don wanda ya fito daga kwana ba zai gan ta ba sai ya riga ya hau gadar.

Ta ɗora ƙafa a katako na farko. Ta ce daga baya ba ta ji gwiwoyinta ba sam, abin da ta ji shi ne ƙarfen yana rawa a gefen takalminta, rawar nan da ta sani tun tana budurwa, wadda take nufin abu yana tafe. Idon mai hazo ya haɗe mata katako da rami. Ta riƙa laluben kowane katako da sandar tuta kafin ta taka. A tsakiya takalmi ɗaya ya zame ya faɗa, ba ta ji ƙarar isarsa ruwa ba. Ta ci gaba da ƙafa ɗaya a safa. Waƙar tana ƙara matsowa, har tana jin sunanta a ciki, don waƙar ita aka shirya wa.

Muna kan kurar Ƙato a lokacin. A Sauce, da Fermín ya ce ba sanda ba hanya, Ƙato ya zaro tasa daga cikin ƙyalle ya miƙa. Fermín ya juya ta, ya shafa gindinta, ya buɗe hanya. Ƙato ya kashe mana ido, aka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, baƙi suna bubbuga masa kafaɗa. A saninmu layin fayau yake. A gangara ya saki inji, iska tana kaɗa tutoci, wani baƙo yana ɗaukar hoto, mai ganga yana ta duka.

Muka fito daga cikin gora, sai ga mace a ƙarshen gada da jar tuta.

"Ga ta nan!" wani ya yi ihu. "Ta zo tarbarmu!"

Aka ɗauki sowa. Aka ɗaga huluna. Mai ganga ya ƙara ƙarfi. Ƙato ma ya danna oda yana dariya, ya ɗaga hannu. Tana kaɗa tuta, muna kaɗa namu.

Sai ta saki tutar ta faɗi. Ta gyara tsayuwa a tsakiyar ƙarafan biyu, ta haɗe ƙafafu, ta ɗaga hannuwa sama, ta tsaya cak tana kallonmu.

Dariyar Ƙato ce ta fara mutuwa. Shi da ya yi shekaru yana tsokanarta a kan tsintsiya mai dogon mariƙi, shi ya san abin da idonsa yake gani.

"Tana kan dogo," ya ce a hankali. Sai ya kurma ihu, "Lala tana kan dogo! Birki! Birki, don Allah!"

Ya haye kan ƙarfen birki da duk nauyinsa. Ƙafafun kurar suka daskare amma ba ta tsaya ba, sai sulɓi take a kan raɓa da ciyawa, tirelolin suna tura ta daga baya. Ƙarfe yana kuka. Na tirela suka ja nasu birkin, wasu suka diro suna riƙe katako suna jan ƙafa a tsakuwa, ganga ta gangara cikin gora. Wata baƙuwa ta rufe fuska da hannu. Muna ganin tsohuwar tana ƙara girma a gabanmu, muna ganin leɓenta yana motsi, muna ganin safar ƙafarta ta jiƙe. Ana ta yi mata ihu ta kauce. Ina za ta kauce? Ba ta ma gwada ba. Ta runtse ido kawai.

Kurar ta ja, ta ja, ta tsaya. Doña Eulalia ta buɗe ido, ta sauke hannu ɗaya ta dafa fitilar gaban kurar, don ba sai ta miƙa hannun sosai ba.

Da kukan ƙarfe ya lafa ne muka ji abin da ya sa wasu suka zauna a ƙasa: muryoyin yara a ƙetaren gada. Muka ɗaga kai. Ga kurar Gastón a tsaye a ɗaya bakin, ga Milagros tana sauke na ƙarshe, ga sauran a jere jikin wayar gona, wata ƙarama tana ɗaga mana hannu da lemo a ciki.

Ƙato ya sauko, ya durƙusa a tsakuwa.

"Doña... an ce yau ba yara... an ce..."

"Ina sandar?"

Ya miƙa da hannu biyu. Gastón ya tsallako gadar, fuskarsa kamar toka, ya miƙa tasa. Ta riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta juya su, ta kai su kusa da idon mai gani, ta shafa gindin kowace. Ta haɗa su suka yi ƙara, ɗaya ta suɓuce, ta kama, ta sake haɗa su.

"Wacce ce taka?"

Ƙato ya duba. Ya sake dubawa. Hawaye ya zubo masa.

"Ban sani ba, Doña. Kyauta ce. Don ki tafi da ita birni."

"Kyautata ce?"

"Taki ce."

"To na gode. Ka iya aiki, Ƙato."

Ta miƙa hannun hagu a kan ramin da ke tsakanin katakai, ta buɗe yatsu. Wannan karon kowa ya ji ƙarar ruwa.

Wani dattijo cikin baƙi, mai tara kayan reluwe na da, ya dafe kai. "Señora! In ta ainihin ce fa? Sandar da ta girmi kakanninmu!"

"In ita ce, ta huta," ta ce. "Ga wadda ta rage. Guda ɗaya ce ko?"

"Ɗaya ce."

"To ita ce sanda."

Daga nan ta zauna a kan ƙarfen, ta kasa ko riƙe ruwan da aka miƙa mata. Ta dubi gadar da ta tsallako, ta kawar da kai, ta yi amai a gefe. Ba yadda za a yi ta koma da ƙafa, ta kuma rantse ba ita ba babur har abada. Sai aka ɗaga ta aka ɗora a bencin gaba. Gastón ya koma da yara a hankali, ya fitar da kurarsa daga layi a Rufina, ya aiko Milagros ta ce hanya ta buɗe. Duk da haka Doña ba ta bar Ƙato ya tayar da inji ba sai da ta zaro sandar daga aljihu ta damƙa masa.

"Taka birkin in gani."

Ya taka, yana sharɓe hanci.

"Kamar amarya ka ce ko?"

"Kamar amarya, Doña."

Haka ta shiga Rufina a kan kura, karon farko a rayuwarta, ido a rufe, takalmi ɗaya, hannu biyu a ƙanƙame da benci. Don Anselmo da mutanensa, da ba su san komai ba tukuna, suka saki lasifika suna tafi.

Naman ranar ya ƙone, ba wanda ya kula. Iyayen yaran sun zo ɗaya bayan ɗaya, wasu da faɗa, wasu kuma suka riƙe mata hannu. Kulob ya zauna a gabanta ya yi alkawari biyu: ba za a ƙara ƙera abin da ya yi kama da sanda ba, ko na wasan yara ne, kuma ba wanda zai yi nutso a rafin nan neman wadda ta faɗa. Na biyun ya fi yi wa wasu wuya. Har yanzu in mate ya zagaya ana gardama a kan wacce ce a ruwa. Ƙato ba ya sa baki. Shi ya roƙa a ba shi aikin shinge, kuma duk wanda ya ce Doña tana da tsanani, ya zo ya ga Ƙato yana sunsunar bakin direba.

Doña Eulalia, yanzu kina birni, a bene, an ce kin sa an juya miki kujera tana kallon inda jiragen birni suke wucewa, kina yi wa masu tsallakawa faɗa ta taga ko da ba sa jin ki. Mun gode miki. Mun gode da safiyoyin da kika fito kina duban gabas muna dariya. Ke ce kika ƙi taka dogo tsawon rayuwarki, shi ya sa ranar da kika tsaya a kai aka gane, aka taka birki. Da ke jaruma ce mai yawo a kan ƙarfe kamar mu, da hannu muka ɗaga miki muka wuce. Yaran nan suna nan, sun ƙara tsawo. Ƙaramar mai lemo ta fara makaranta, ita ce take tsawata wa 'yan'uwanta in sun taka ƙarfe.

Ku kuma 'yan'uwa masu son dogo, na kulob ɗinmu da na sauran garuruwa, a cikinku akwai irinta. Mai sa ku jira, mai sake duba abin da aka duba jiya, mai ɓata muku rai da safe. Ku tsokane shi in kuna so, amma in ya ce ku taka birki ya gani, ku taka. In kuma babu irinsa a cikinku, wani ya daure ya zama shi, tun kafin Lahadi mai zuwa.

Allah ya ƙara miki lafiya, Doña Lala, ya sassauta miki gwiwoyin nan. Sanda tana nan, guda ɗaya, a aljihun Ƙato. Takalminki ne dai ba mu samo ba, don ke kika hana shiga ruwan.